Yawan takardu ko yawan ambato, wanne ne ma'aunin malamin tattalin arzikin sauyin yanayi?

Malam, ka ce kana furojet a KASU (Jami'ar Jihar Kaduna) kuma kana so ka san wanne ke nuna nauyin mai bincike, yawan takardun da ya wallafa ko yawan ambato, wato sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da aikinsa. Yawan takardu kam bar shi, akwai masu tarin su da ba wanda ya taɓa waiwaya. Duba h-index, ma'aunin da Jorge Hirsch ya kawo a 2005: in na mutum 20 ne, yana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Amma fa cikin shafukan da ke ƙirga ambato, Google Scholar na kumbura lamba don har tesis ɗin ɗalibai yake ƙirgawa, Scopus ya fi tsauri kuma za ka iya cire inda mutum ya ambaci kansa (wasu malaman sun ƙware a nan, Allah ya shirya).

Ɗauki William Nordhaus na jami'ar Yale, shi ya gina tsarin lissafin DICE da ke haɗa hayaƙin kabon da tattalin arziki, ya ci Nobel a 2018. To shi ne ya ƙalubalanci rahoton masanin tattalin arzikin Birtaniya Nicholas Stern na 2006 mai cewa kashe kusan kashi 1 cikin 100 na arzikin duniya duk shekara wajen rage hayaƙi ya fi arha kan jiran ɓarnar sauyin yanayi, rigimarsu kan yadda ake kimanta asarar jikoki da kuɗin yau ce, kuma duk wanda ya soki Stern ambato ya ƙara masa, kwamfuta ba ruwanta da yabo ko suka.

Sannan wanda ya yi bincike kan ambaliyar Kogin Kaduna ko masarar Saminaka ba zai kamo lambar su Nordhaus da Stern ba ko da aikin ya yi kyau, masu ambatonsa kaɗan ne. Irin waɗannan ka nema a ɗakin karatun ABU Zariya, ka karanta da kanka.