Tambaya da Amsa: Waya Ta Ce Babu Ruwa, Iska Ta Yaye Rufin Aji

Tambaya: Malam, ni malamin labarin ƙasa ne a Daura. A farkon daminar bara iska ta yaye kwanon ajujuwa biyu a makarantarmu, alhali manhajar hasashen yanayi ta wayata ta nuna sama garau a ranar. Allah ya kiyaye, yara sun riga sun tashi. Ga damina ta sake ƙaratowa, hankalina bai kwanta ba. Shin kwamfutocin ne ba su da amfani, ko jami'an hasashe ne ba sa aikinsu?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara tsarewa. Abin da ka gani a waya bai bi ta hannun wani jami'in hasashe ba, domin yawancin manhajojin nan suna kwaso sakamakon lissafin kwamfuta na duniya ne kai tsaye. Lissafin cibiyar hasashen yanayi ta Turai yana raba sararin sama gida-gida, kowane gida faɗinsa kusan kilomita 9, na Amurka kuwa kusan 13, alhali iskar da ke hauhawa a cikin gajimaren tsawa ba ta kai wannan faɗin ba, don haka kwamfuta kintace take yi. An daɗe da sanin cewa a yankin Sahel irin wannan lissafi yakan nuna ruwa zai zuba kaɗan-kaɗan da wuri, tun da rana, amma namu hadarin yakan haɗu da la'asar, ya yi jeri mai tsawon ɗaruruwan kilomita, ya taso daga gabas da ƙura a gabansa, ya yi ta tafiya har cikin dare. Ga kuma ƙarancin tashoshin auna iskar sama a Afirka ta Yamma.

Wannan giɓi ne ya sa masu tsara lissafin da jami'an hasashe suka fara zama ɗaki ɗaya. A garin Norman na jihar Oklahoma a Amurka sun shafe fiye da shekara 20 suna haɗuwa kowace shekara a lokacin guguwa, suna gwada sababbin lissafi a kan yanayin ranar. A nan Afirka shirin SWIFT da ya fara a 2017, wanda ya haɗa masana na Jami'ar Leeds ta Ingila da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya (NiMet) da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, ya yi irin wannan zama a Nairobi a 2019. Jami'i yana nuna inda lissafi ya saba kuskure, masanin lissafi kuma yana rage faɗin gidajen zuwa kusan kilomita 4 don hadari ya fito da kamanninsa. A ganina babbar ribar ita ce gargaɗin gajeren zango, inda ake bin hadarin da ya riga ya haɗu ta hotunan tauraron ɗan'adam na Meteosat, masu zuwa duk minti 15, a faɗi inda zai isa cikin 'yan sa'o'i.

Abin da ya fi damuna shi ne imanin da mutane suka yi cewa alamar rana a waya tabbaci ne. Kullum sai na gamu da wannan. Magini ya kwance rufi ya bar shi a buɗe, direba ya nufi kwari da dare, uba ya tura yara kiwo nesa da gida, duk saboda waya ta ce babu ruwa. Babu lissafin da zai faɗa maka tun kwana uku cewa hadari zai faɗa wa Daura da ƙarfe biyar ya tsallake Mai'aduwa. Mafi muni su ne masu ɗauko taswira mai launi daga intanet su watsa a WhatsApp da sunan ƙwarewa, su yanke rana da sa'a, in abin bai faru ba kuma jama'a su daina sauraron kowa, har da gargaɗin gaskiya. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40, cikin dare ta zo, kuma a irin wannan dare gargaɗin sa'a biyu yana iya fitar da iyali daga bakin gulbi, amma sai in suna da sauran yarda da shi.

Saboda haka, Malam, ka riƙa bin sanarwar NiMet ta kullum, ka sa kafinta ya duba ƙusoshi da katakon rufinku kafin ƙarshen Afrilu. Idan gabas ta yi baƙi kuma iska mai sanyi ta fara kaɗawa da ƙura, a shigar da yara ajin da ya fi ƙwari, nesa da bishiyoyi da taga, ko da wayarka tana nuna rana.