Kulochi ba shi ke hana babur tashi da safe ba

Ka ce babur ɗinka ƙirar Boxer ba ya tashi da asuba a wannan hunturun sai ka gaji da buga kik, wani kuma ya ce ka canza kulochi, kana tambaya ko za ka iya a gida. Malam, bar kulochin tukuna, babu ruwansa da wannan. Fara jan cok (abin da ke rage wa inji iska don ya tashi cikin sanyi), kada ka murɗa totur yayin buga kik. In ya ƙi, ciro fulogi ka duba: in ya yi baƙi da toka ko ya jiƙe da fetur, goge shi ko ka sa sabo. Daga nan sai kafireta, domin ƙurar hunturu tana toshe ƙaramin ramin da ke ba inji mai a silo, wato lokacin da yake aiki ba a murɗa totur ba. Nawa da ya yi min haka, bawul ne ya matse, da bakanike ya saita shi sai ya koma tashi bugu ɗaya.

Kulochi kuwa alamarsa daban ce: ka ba da wuta inji ya yi ƙara, babur bai ƙara gudu ba, musamman a hawa da kaya. Ko nan ma fara sassauta wayarsa, sau da yawa ita ce ta ɗaure. In dole sai an canza, za ka iya, amma ka jiƙa sababbin faifan cikin baƙin mai kafin ka ɗaura, ka sayi sabon gasket (shimfiɗar bakin murfin inji da ke hana mai yoyo), kuma kada ka zuba baƙin man mota, yana sa kulochi santsi.