Tambaya da Amsa: Bindigar Baikal da Baba ya bari

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomin shinkafa ne a Argungu. Bara Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, a cikin kayan gado akwai bindigarsa ta farauta mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a sa harsashi ɗaya a rufe. A jikinta an rubuta Baikal, da IJ-18, da kuma Made in USSR. Ƙannena sun ce tsohon ƙarfe ce, a rabu da ita. Ni kuwa raina bai so. Su wa suka ƙera ta, kuma tana da sauran amfani?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Da na karanta wasiƙarka sai da na ajiye takardar na yi shiru, domin irin wannan bindiga ce kawuna ya riƙe shekara da shekaru a fadamar Birnin Kebbi. Har yanzu ina ganinsa zaune a kan buzu bayan la'asar, ya karya ta, ya zura tsumma da man keken ɗinki a kan sanda, sannan ya ɗaga bakin sama ya leƙa. In ya ga cikin yana walƙiya kamar sabon kwano sai ya gyaɗa kai, ya miƙo mini in leƙa ni ma. Ban taɓa ganin ya rataye ta da harsashi a ciki ba.

Sunan Baikal na wani tafki ne a Saberiya, wanda babu tafkin da ya kai shi zurfi a duniya, amma ba a can ake ƙera bindigar ba. Suna ne na kasuwa. Gidan da ta fito yana birnin Izhevsk na ƙasar Rasha, kusan kilomita 1,000 gabas da Mosko, gari ne na maƙera tun asali, an kafa maƙerar ƙarfe a wurin a 1760, aka buɗe masana'antar bindigogi a 1807. Ita kuwa masana'antar da ta yi bindigar Baba, wadda ake kira Izhmekh a taƙaice, ɗiyar yaƙi ce: a 1942 aka kafa ta, lokacin da sojojin Jamus suka kutsa cikin Tarayyar Sobiyat, aka riƙa janye masana'antu zuwa gabas inda jiragen abokan gaba ba sa kaiwa. Makaman soja ta fara yi. Da ƙura ta lafa, a ƙarshen shekarun 1940, sai ta juya ga bindigogin farauta, ko da yake ba ta bar aikin soja ba, don ita ce ta daɗe tana ƙera ƙaramar bindigar nan Makarov.

Harufan IJ da ka gani daga sunan garin ne, wani lokaci a rubuta IZH. Lamba 18 kuma samfurin ne, an fara yin sa a 1964. Rubutun USSR ya ba mu wata shaida: Tarayyar Sobiyat ta wargaje a ƙarshen 1991, ke nan bindigar ta haura shekara talatin, ƙila ma ta girme ka. Duba da kyau kusa da inda take karyewa, za ka iya ganin ɗan tambari na kibiya a cikin garkuwa. Alamar gidan ke nan.

Abin da ya sa nake girmama wannan samfuri shi ne rashin tarkace. An yi ta ne don maharbin da ke kwana a daji cikin sanyi, nesa da mai gyara. Wani ɗan ƙarfe ne a bayan kunama, in ka matse shi ta karye, a lokaci guda kuma ta ɗana kanta daga ciki, ba ta da kunne a waje da zai sarƙe da ciyawa ko riga. Nauyinta bai kai kilo 3 ba. An shafe cikin bakin da wani ƙarfe mai sheƙi da ake kira kurom, shi ne walƙiyar da kawuna ke leƙawa, shi ne kuma ya sa raɓar fadama ba ta cinye cikin bakin da wuri. Masu kuɗin Turai kan ce ƙirar Baikal ba ta da kyan gani, katakon ƙotarta ba shi da ado, kunamarta da tauri. Gaskiyarsu. Amma fa garmar da ta yi damina talatin ba a tambayar ta kwalliya, kuma arha da juriya ne suka kai bindigar nan hannun maharba a ƙasashe da yawa na Afirka.

Tana da 'yan'uwa. Akwai IZH-54 da IZH-58 da IZH-43, masu baki biyu a jere kafaɗa da kafaɗa. Akwai IZH-27 ta 1973, mai baki biyu ɗaya bisa ɗaya, wadda aka ƙera fiye da miliyan. Daga baya aka zo da MP-153 mai ɗura wa kanta harsashi da ƙarfin hayaƙin wanda ya tashi, sannan aka mayar da sunayen tsofaffin ma zuwa MP, shi ya sa sabuwar irin ta Baba za ka ga an rubuta mata MP-18.

To, batun ko tana da sauran amfani, a nan nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau.

Kada ka sa mata harsashi sai wanda ya san aikin ya duba ta. Bindigar da ta shekara a rataye a ɗakin ƙasa, zanzaro na iya gina ɗakinsa a cikin bakinta, kuma ɗan laka kamar ƙwayar gyaɗa ya isa ya fasa ƙarfe. Na san wani maharbi a wani ƙauye na bakin gulbi da ya yi tuntuɓe a kan kunyar shinkafa, bakin bindigarsa ya caki taɓo, ya tashi ya kaɗe riga bai leƙa ciki ba. Da zabi suka tashi ya harba, bakin ya tsage kamar an ɓare rake. Yatsu biyu ya bari a wurin. Na je gaishe shi, hannun naɗe da bandeji, abin da yake ta maimaitawa shi ne da ma ya karya ta ya duba.

Sai ka karanta lambobin da ke ƙasan bakin. In ka ga 12, faɗin ramin ke nan, kuma lissafin tsoho ne: a raba dalma mai nauyin giram 454 gida goma sha biyu, a dunƙule kowane kaso, to dunƙulen da ya cika ramin daidai shi ne 12, wajen milimita 18 da rabi. Saboda haka 16 da 20 sun fi 12 ƙanƙanta, ba girma ba. Kusa da ita za ka ga 70 ko 76, tsawon mazaunin harsashi ne a milimita, kuma tsofaffin yawanci 70 ne. Tarkon da ke nan shi ne ana auna kwanson harsashi ne bayan ya tashi ya buɗe baki, don haka harsashi na 76 zai shige mazaunin 70 lafiya lau, ka rufe ba ka ji komai ba, sai an harba ya rasa wurin buɗewa, ƙarfin ya koma kan tsohon ƙarfe da fuskar mai harbi. Haka nan harsashin 20 in ya faɗa cikin bindigar 12, zamewa yake ya maƙale a tsakiya. Kuma ka sani ƙwayoyin dalma take watsawa, aikinta na gaskiya bai wuce mita 35 zuwa 40 ba, amma ƙwayar da ta kauce tana iya tsiyaye idon yaron da ke korar tsuntsu can nesa da haka.

Na ƙarshe, kuma shi ya kamata ka fara yi: lasisi ba ya cikin gado. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa irin wannan a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma takardar da sunan mutum ɗaya take fita. Nemo takardar Baba, ka sanar da mai unguwa ko hakimi, ku je wurin 'yan sanda a bi hanya. Kada ka yarda ƙannenka su sayar wa wani a ɓoye. A halin da jiharmu take ciki, ba ka san hannun da za ta faɗa ba, kuma lambar da ke jikinta gidanku za ta nuna.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce daga Gusau. Na ji ana cewa masu yin bindigar farauta ta Rasha su ne masu yin AK-47 da ta hana mu barci. Haka ne?

AMSA: Hajiya, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya mayar da mutanenmu gonakinsu lafiya. Maganar da kika ji tana da tushe. Gari ɗaya ne, Izhevsk, amma asali gida biyu ne. AK-47 ta fito daga tsohuwar masana'antar da ake kira Izhmash, inda Mikhail Kalashnikov ya yi aiki, a garin kuma ya rasu a 2013. Bindigogin Baikal na Izhmekh ne. A shekarar 2013 ɗin gwamnatin Rasha ta haɗa su ƙarƙashin kamfani ɗaya mai sunan Kalashnikov, wanda Amurka ta ƙaƙaba wa takunkumi a 2014.

Sai dai ba duk AK da kike jin ƙararta ba ce ta fito daga can, ƙasashe da dama sun yi shekaru suna ƙera irinta, Sin na cikinsu. Aikinsu ma ba ɗaya ba ne. Waccan tana ɗaukar harsashi 30 a gidanta, tana kashewa daga ɗaruruwan mitoci. Ta ɗan'uwanmu na Argungu harsashi ɗaya take ci, sai an karya ta an zare kwanso kafin a sa wani.