Amsa: Bidiyon yaƙin Sudan

Ɗan'uwa, ka tambayi me ya sa bidiyon yaƙin Sudan da ke iso maka a Jidda duk kabbara ce da rawa a kan motoci. Ai mai bindigar ne ke riƙe da wayar. Tun 15 ga Afrilun 2023, sojojin Sudan da RSF, rundunar mayaƙan da ke faɗa da su, kowa na ɗaukar kansa a bakin gada don a shaida gari ya shiga hannunsa. Haka aka yi da Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, haka da sojoji suka ƙwato ta a Janairun 2025. Talakan Jazira kuwa, a Fabrairun 2024 layi ya ɗauke masa, ko gaisuwa sai ya biya kuɗin Starlink, wato intanet na tauraron ɗan'adam, sau da yawa a hannun mayaƙan RSF ɗin.