Ku Tambaya: Ɗan yayata ya maƙale a Masar, in tura kuɗin?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Yayata a Sudan ta yi aure, can aka haifi ɗanta, da yaƙi ya ɓarke a 2023 ya gudu Masar da matarsa da yara. Yanzu wani ya ce mishi in ya kawo kuɗi zai sa a kai su Kanada da wuri, ni kuma ina so in sai da filina in tura mishi. Dan Allah ya kake gani? Daga wata baiwar Allah, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka miki da alheri kan wannan zumunci. Amma dan Allah kar ki sai da filin nan, ɗan damfara ne wannan mutumin. Duk aikin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, kyauta ne, tun daga rajista har tafiya, kuma ba mutum ne ke neman a kai shi wata ƙasa ba, su ke duba waɗanda suka fi shiga hatsari, marasa lafiya, mata da yaran da ba su da kowa, sai su tura fayil ɗinsu, ƙasar da za ta karɓa ita ke da maganar ƙarshe. Ko kashi 1 cikin 100 na 'yan gudun hijirar duniya ba sa samu a shekara, ga Amurka ma ta dakatar da shirinta na karɓar 'yan gudun hijira a Janairun 2025, kin ga layin ya ƙara tsawo kenan.

Abin da yake haƙƙinsa shi ne kar a maida shi inda ransa ke cikin hatsari, haka yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta ce kuma Masar ta sa hannu. Amma wallahi abin na ci min rai, an sha kama 'yan Sudan marasa takarda ana maida su, shi ya sa katin UNHCR yake da muhimmanci. Ya yi rajista? Mai neman mafaka katin rawaya ake ba shi, in an amince da shi a ba shi shuɗi, sannan ya nemi ikama, wato takardar izinin zama, wajen hukumomin Masar, kuma kar ya bari ta ƙare.

Masar ba ta da sansani, cikin gari suke zama, haya a kansu, aiki da izini wuyar samu, shekaru na wucewa yara na girma a ɗaki ɗaya. To nan taimakonki zai yi amfani Hajiya, ɗan abin da ya samu ki riƙa tura mishi na haya da makarantar yara. Ki kuma ce mishi ya kai ƙarar mutumin nan ofishin UNHCR, kuma lambar wayar da ya ba su kar ya canza ba su sani ba, don ta nan suke kira.