Tambaya da Amsa: Ina Matsayin Ɗan Lambun Jakara a Tsarin Birni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan lambu ne a bakin rafin Jakara, sana'ar da na gada daga mahaifina, ina noman latas da alayyafo da karas. Bana wasu masu saye sun fara gudun kayanmu, wai ruwan da muke amfani da shi yana da guba, ga shi kuma mai filin da nake haya ya ce zai yanka shi fulotai. Shin akwai dokar da ta tsaya wa irinmu? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Sana'arka ta girmi duk hukumomin da ke tsara birnin, domin ganuwar Kano da kanta ta kewaye gonaki ne tare da gidaje, kuma shekaru aru-aru jakuna ke fita da mangalar taki daga cikin gari zuwa gonakin kewaye. Sai dai daɗewa ba ta zama takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma a cikin birni shi ke bayar da takardar mallaka. Kai da kake haya, ƙarfinka yana cikin yarjejeniyar da ke tsakaninka da mai fili, don haka ka nemi a rubuta ta a gaban mai unguwa da shaidu, a sa sharaɗin cewa ba za a tashe ka ba sai ka kwashe abin da ka shuka.

Batun ruwa kuwa, masu sayen ba su yi ƙarya ba, amma sun haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Na farko ƙwayoyin cuta ne da ke zuwa daga kwatocin gidaje. Ana rage haɗarinsu idan aka bar ruwa ya kwanta a rami kafin a ɗiba, aka zuba shi a gindin shuka maimakon a watsa kan ganye, aka kuma dakatar da ban ruwa kwanaki kaɗan kafin yanka. Latas ya fi alayyafo haɗari a nan, tunda ɗanye ake cin sa. Na biyu shi ne dagwalon masana'antu, musamman sinadarin kuromiyam na kamfanonin jima, irin wanda rafin Getsi ke kwasowa daga yankin masana'antu na Bompai ya zuba a Jakara. Wannan yana taruwa ne a cikin ƙasa, shuka ta zuƙe shi, kuma wanki ba ya fitar da shi, ko da ruwan gishiri ne. Idan lambunka yana ƙasa da mahaɗar rafukan biyu, damuwarka ta fi ta wanda ke sama.

A ganina, matsalolinka biyu tushensu ɗaya. Mutumin da bai da tabbacin zai kai baɗi a fili ba zai kashe kuɗinsa ya haƙa rijiya ba, sai ya jefa tiyon injinsa cikin baƙin ruwan da ke wucewa kyauta. A nan ne tsarin abinci na birni ya gaza. Tumatir zai iya jure tafiya daga Kura da Kadawa, amma ganyen da aka yanka da asuba dole ya isa kasuwar 'Yankaba kafin rana ta ɗaga, in ba haka ba ya yi yaushi dillali ya karya farashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kowace tafiyar mota ta ƙara tsada, lambun kusa ya ƙara daraja, duk da haka taswirar birni tana kallonsa a matsayin kangon da ke jiran bulo.

An sha yi wa jama'a kiran su yi noma a bayan gida, tun shirin Ciyar da Ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, amma kira ba ya ba mutum fili. Birnin Dakar na ƙasar Senegal ya bi wata hanya daga 1999, inda tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya aka koya wa magidanta shuka ganye a kan teburan katako, da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa a madadin ƙasa. Dabara ce mai kyau ga miyar gida, sai dai ba za ta cika kasuwa ba. Abin da ya dace da Kano shi ne a keɓe gaɓar rafuka ga lambu a hukumance, tunda dama wurare ne da ambaliya ke ci, gini a kansu asara ne, sannan a tilasta wa masana'antu tace ruwansu kafin su sake shi.

Kafin a kai can, ku 'yan lambun yankin ku haɗu ku yi rajistar ƙungiya, ku kai samfurin ruwa da ƙasa ɗakin gwaji a auna muku, sannan ku tafi da sakamakon wurin hukumar tsara birni ta KNUPDA da Ma'aikatar Muhalli ta jiha, kuna neman a keɓe muku gaɓar rafin a rubuce.