Ɗanyar gwaiduwa tana hana mura da ciwon huhu?

Hajiya daga Daura, kin tambaya ko shan ɗanyar gwaiduwa zai kare yaranki daga tari a hunturun nan. A'a.

Gaskiya ne gwaiduwa na ɗauke da sinadarin garkuwar jiki mai suna IgY, wajen miligiram 100 a ƙwai ɗaya. Amma kafin a yi amfani da shi a kan wata cuta, sai an yi wa kaza allurar takamaimiyar ƙwayar cutar, a tace sinadarin, a mayar da shi feshin hanci ko ruwan kurkure maƙogwaro. Wannan ma har yanzu gwaji ake yi.

Ƙwan kasuwa bai bi wannan hanya ba. Dafuwa tana lalata sinadarin, ɗanye kuma yana iya jawo gudawa da zazzaɓi. Don Allah kar ki ɗiga wa yaro a hanci.

In yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, ki kai shi asibiti a ranar.